Sandar da Hannu Ya Zaɓa

Wasan da muke kira sinuka baƙo ne a ƙasar Adamawa, amma ya daɗe da zama ɗan gari. Duk wanda ya zaga Jimeta bayan sallar la'asar, ya bi ta Jambutu ko Luggere ko Dubeli, da wuya ya rasa ganin teburi mai koren yadi a ƙarƙashin wata rumfar kwano, samari sun kewaye shi, biyu suna bugawa, goma suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba. A cikin garin Yola ma akwai teburan, sai dai hayaniyarsu ba ta kai ta Jimeta ba.

Sunan wasan aro ne. Sinuka ta ainihi hafsoshin sojan Ingila ne suka ƙirƙiro ta a garin Jabalpur na ƙasar Indiya a shekarar 1875, kuma ana buga ta da ƙwallaye 22 a kan babban teburi mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 6. Wanda muke bugawa a unguwanni ɗan'uwanta ne da Amurkawa suke kira ful. Teburinsa ƙarami ne, ƙwallayensa 15 ne ban da farin da ake dukan sauran da shi, kuma wanda ya gama zura nasa bakwai a rami sai ya nemi baƙin, mai lamba 8. Mun ɗauki sunan wancan mun laƙaba wa wannan, babu kuwa wanda ya kai ƙara.

Kowane mai teburi yana da sanduna uku ko huɗu da yake jinginewa a kusurwa domin masu wasa. Waɗannan sanduna sun ga duniya. An buga ƙwallo da su, an nuna hanya da su, an kori akuya da su. Wata ta tanƙware kamar baka, wata fatar bakinta ta cinye har katako ya fito, wata kuma idan aka buga da ita sai ta yi kwaram-kwaram domin mahaɗarta ta saki. Da su muka koyi wasa, ban kuwa raina su ba. Amma mai wasa yakan kai wani matsayi inda zai lura cewa yau ya buga da mai nauyi, gobe da marar nauyi, jibi da karkatacciya, kullum hannunsa yana sabon koyo. Idan ya kuskure rami, ba zai san ko laifinsa ne ko na sanda ba. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. A nan ne sha'awar mallakar sanda take shiga zuciya, a nan ne kuma wahala take somawa.

Sanda mai daraja tana da tsada, tun daga ɗaruruwan daloli har dubbai. Na zaga shagunan kayan wasanni a Jimeta, abin da na samu bai wuce irin na masu teburi ba. Mai son ta kirki yakan yi saƙo zuwa Abuja ko Legas, ko ya saya ta intanet. Ke nan hoto zai kalla a waya ya biya kuɗi, kuma abin da hoto ya iya nunawa shi ne ado. Alhali kuwa kaso mai yawa na kuɗin sanda a gindinta yake tafiya, inda ake dasa zane-zane da katako masu launi da zobba masu ƙyalli. Ƙwallo bai san da wannan ado ba. Abin da ya sani shi ne fatar bakin sanda da ɗan katakon da ke bayanta.

Ma'aunin da na riƙe wajen zaɓe ba a rumfar sinuka na samo shi ba. Ina da kawu makiyayi a wajen Ngurore, kuma tun ina yaro nakan ga yadda yake sayen sandar kiwo, wadda Fulani suke kira sawru. Mai sayarwa zai kwance masa dami guda. Kawu zai ɗauki ɗaya ya jinjina ta, ya kanne ido ya dubi tsawonta, ya ɗora ta a wuya ya rataye hannayensa, ya kaɗa ta a iska, sa'an nan ya buga ta a ƙasa ya kasa kunne. Yakan ajiye goma kafin ya riƙe guda, alhali a idona duk ɗaya suke. Wata rana na tambaye shi, "Kawu, me ya raba wannan da waccan?" Sai ya ce, "Wannan ta san hannuna. Waccan baƙuwa ce." A lokacin na ɗauka wasa yake yi mini irin na manya da yara.

Na yi wata tara ina tara kuɗin sanda. Ban faɗa wa kowa a gida ba, domin sinuka ba ta da farin jini wurin iyaye. Suna da hujjarsu: akwai teburan da ake caca a kansu, akwai kuma yaran da suke gudun makaranta su yini a rumfa. Wanda ya kashe kuɗi mai kauri a kan sandar wasa lalle ne ya shirya wa tambayoyi, kuma idan sandar ta zo ba ta dace da shi ba, ya yi biyu babu, ga asara ga dariya.

Ana cikin haka aka haɗa ni da wani dattijo a cikin Yola, wanda ya daɗe yana aiki a Legas, ya dawo gida bayan ya yi ritaya. Baffa muke ce masa. Yana da teburi a gidansa, irin wanda ake shimfiɗa wa falalen dutse a ƙarƙashin yadi, ba katako ba kamar yawancin na unguwa. Idanunsa sun fara rauni, ya kuma yanke shawarar rabuwa da ɗaya daga cikin sandunansa uku. Bayan mun gaisa na tambayi kuɗi, sai ya ɗaga mini hannu.

"Ɗana, bar maganar kuɗi tukuna," in ji shi. "Ka yi kwana bakwai kana zuwa kana bugawa da su. Ran na takwas mu yi ciniki."

Na ce, "To Baffa, Allah ya ƙara girma."

Ta farko ƙirar Amurka ce, gindinta ya sha ado har mutum yana jin nauyin taɓa ta. Ta biyu baƙa ce wuluk daga tsakiya zuwa baki, ba ta katako ba ce, ta zaren kabon ce, ɗansa ne ya aiko masa da ita daga waje. Ta uku ba ta da komai na jan ido. Rabinta na gaba farin katako ne na itacen mefil, wanda ake samu a Amurka ta Arewa, ya yi duhu-duhu saboda shekaru, gindinta kuma baƙin katako ne ba zane ko ɗaya. Wannan baƙin katako ɗan'uwan itacen kanya ne, ana kuma samun irinsa mai kyau a dazuzzukan kudancin Kamaru. Ya ba ni dariya da na tuna cewa mai yiwuwa daga maƙwabtanmu ya fito, ya ƙetare teku, aka sassaƙa shi, ya dawo mana da tsada.

Abu na farko da kowa yake dubawa shi ne miƙewa. Akan kwantar da sanda a kan teburi a mirgina ta. Idan bakinta yana ɗagawa yana sauka, ta karkace. Akan kuma kanne ido a dube ta daga gindi zuwa baki ana juya ta a hankali, yadda kafinta yake duban katako. Duk ukun sun haye wannan jarrabawa, saboda haka ba ta raba gardama ba.

Nauyi ne ya fara raba su. Sandar ful yawanci tsawonta inci 58 ne, nauyinta kuma tsakanin giram 510 da 600. Ƙwallon da Amurkawa suke bugawa bai wuce giram 170 ba, wato sanda ta ninka shi wajen sau uku. Mai adon nan tana can ƙarshen nauyi. Samari da yawa suna son irinta, suna zaton nauyi shi ne ƙarfi. Wajen fasa ƙwallaye a bugun farko ta yi mini daɗi ƙwarai. Amma yawancin wasa ba fasawa ba ne, lallaɓawa ne. Sau da yawa abin da ake so shi ne farin ƙwallo ya taɓa ɗan'uwansa, ya gangara taƙi ɗaya, ya tsaya daidai inda bugu na gaba zai yi sauƙi. A irin wannan bugu sandar takan rinjayi hannuna, farin ya zarce inda na nufa. Ba ni nake tura ta ba, ita take ja na.

Bayan nauyi akwai inda nauyin ya kwanta, kuma wannan ya fi ɓuya. Idan aka ɗora sanda a kan yatsa ana matsar da ita har ta tsaya ba ta rinjaya ko'ina ba, an sami cibiyarta. A yawancin sanduna tana wajen kamu ɗaya daga gindi, wato kimanin inci 18. Sanduna biyu suna iya zama nauyi ɗaya a kan sikeli, amma ɗaya ta zama mai nauyin baya, ɗaya mai nauyin gaba. Mai nauyin baya bakinta yakan so tashi daga kan yatsun da aka kafa a teburi, sai mai wasa ya riƙa danne ta bai sani ba. Mai nauyin gaba kuwa takan kwanta a kan yatsu ta yi luf. Ado yakan ƙara wa gindi nauyi, haka kuwa na samu ga ta farko. Tun rana ta uku na mayar da ita cikin jakarta, Baffa yana kallona yana murmushi bai ce komai ba.

Saura biyu, kuma a nan ne hankalina ya rabu.

Domin a fahimci darajar baƙar sandar, sai an san wani abu game da farin ƙwallo. Idan aka doke shi a tsakiya, yakan tafi sak. Idan aka doke shi a gefe domin ya riƙa juyawa, ya canza hanya bayan ya bugi robar gefen teburi, to ba ya bin inda sanda ta nuna daidai. Wanda aka doka a dama yakan ɗan kauce hagu, wanda aka doka a hagu ya kauce dama. Yawan kaucewar ya danganta da nauyin ɗan ƙarshen sanda. In ƙarshen yana da nauyi, shi yake ture ƙwallo gefe. In ba shi da nauyi, ƙwallo ne yake ture shi, ya wuce kusan a miƙe. Saboda haka masu ƙira suka shiga rage nauyin baki, wasu har suna rarake cikinsa. A shekarar 2016 kamfanin Predator na Amurka ya fito da sanda mai gaban zaren kabon, wasu kamfanoni suka bi sahu, yanzu kuma manyan 'yan wasan ful da yawa da irinta suke shiga gasa.

Tana da wata fa'ida kuma da ta fi shafar mu mutanen bakin Binuwai. Katako yana shan danshi yana kuma fitar da shi. Kowa ya san yadda ƙofar katako take kumbura da damina har ta ƙi rufuwa, da hunturu kuma ta tsuke har iska ta riƙa shigowa. A watannin Maris da Afrilu zafin Yola yakan haura digiri 40, sa'an nan ruwa ya sauka, kogi ya cika, iska ta yi nauyi, daga baya busasshiyar iskar hunturu ta zo ta tsotse komai. Sandar da aka sassaƙa daga ɗanyen katako ba ta shekara biyu a wannan yanayi ba ta tanƙware ba. Kabon kuwa babu ruwansa da damina ko rani, ba ya kuma danƙo a yatsu idan gumi ya karyo. In lissafi kaɗai za a bi, ita ce sandar Jimeta.

Na yi kwana biyu cur ina bugawa da ita. Tana da santsi, tana da gaskiya, inda ka nuna nan take kai ka. Amma abu biyu suka tsaya mini. Na ɗaya, hannuna ya shekara da shekaru yana gyara wa kaucewar ƙwallo ba tare da na yi tunani ba, ga shi yanzu kaucewar ta ragu, gyaran ya zama shi ne kuskure. Wannan da sauƙi, wata biyu ya isa a saba. Na biyu shi ne abin da na kasa samun sunansa sai da na tuna kawu yana buga sanda a ƙasa yana kasa kunne. Idan sanda ta doki ƙwallo, akwai ƙarar da take yi, akwai kuma ɗan motsin da yake biyo jikinta ya iso tafin hannu. Da su ne mai wasa yake sanin ya buga daidai tun kafin ƙwallo ya kai rabin hanya. Baƙar sandar ƙararta siririya ce, ƙwas, kamar an ƙwanƙwasa bututun roba, kuma bugu mai kyau da marar kyau kusan ɗaya nake jin su a hannu. Ta katakon kuwa ƙararta cikakkiya ce, tana kuma ba ni labari. In na doki tsakiya, sai in ji kamar na yanki man shanu. In na kauce ko da kaɗan ne, sai ta ɗan girgiza ta gaya mini.

Baffa ya koya mini wani gwaji mai sauƙi. A ajiye farin ƙwallo a tsakiyar wannan ƙarshen teburi, a buga shi sak zuwa wancan ƙarshen, a bar sanda inda take. Idan bugu ya miƙe, ƙwallo zai dawo ya sumbaci bakin sanda. Na yi ta maimaitawa da kowacce. A gaskiya sakamakonsu bai yi nisa da juna ba. Bambancin shi ne, da ta katakon nakan san zai dawo ko ba zai dawo ba tun daga lokacin da na buga.

Ban ce kabon ba shi da kyau ba. Yaron da zai fara wasa yau, wanda hannunsa bai saba da komai ba, ba shi kuma da wurin ajiya mai sanyi, da zai nemi shawarata da ita zan nuna masa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Tsoron da ya rage mini shi ne na yanayi, shi ma sandar da kanta ta amsa shi. Masu ƙira na gaske sukan ajiye katako ya shekara da shekaru yana bushewa, su ɗan sassaƙe shi, su sake ajiyewa, su watsar da duk wanda ya karkace a hanya. Wannan haƙuri shi ne abin da ya cancanci a biya shi da tsada, ba ya kuma fitowa a hoto. Sandar Baffa ta sha danshin Legas, ta sha hunturun Yola, ga ta nan a miƙe. Wadda za ta tanƙware da tuni ta yi.

Sai maganar fatar baki, wadda ita ce mafi ƙanƙanta a jikin sanda, ita ce kuma kaɗai take taɓa ƙwallo. Ana danganta ƙirƙiro ta ga wani hafsan Faransa mai suna François Mingaud, a farkon ƙarni na 19. Kafin sa, busasshen katako ake dukan ƙwallo da shi, wanda ya kauce tsakiya sai sanda ta zame. Fata da alli su ne suke riƙe ƙwallo har a iya murza shi. Allin ma ba irin na aji ba ne. Na zamani, wanda aka yi wa rajista a Amurka a 1897, garin duwatsu masu kaushi ne aka curo. Fata mai taushi ta fi kama ƙwallo amma tana saurin bajewa, mai tauri ta fi daɗewa amma ba ta yafe ganganci. Faɗin bakin sandar ful yakan kai milimita 12 zuwa 13, na sinuka ta ainihi kuwa 9 zuwa 10, domin ƙwallayenta sun fi ƙanƙanta. Wannan ya shafe mu, domin teburin unguwarmu ƙananan ƙwallaye gare shi, kuma sanda mai kaurin baki takan tare wa mutum gani. Ta Baffa tana wajen 12, ta zauna tsakani. Akwai kuma abin da mai saye a garinmu yakan so ya sani: da yawa daga cikin fatun baki masu tsada, musamman masu hawa-hawa da ake yi a Japan, na alade ne, wasu kuma na saniya ne ko ɓauna. Gara a tambaya tun kafin a biya. Na tambaya, Baffa ya ce tasa ta saniya ce, shi ma abin da ya fara bincikawa ke nan.

A rana ta bakwai muna shan shayi ya kawo mini zancen Stephen Hendry, ɗan ƙasar Sukotlan, wanda ya ci gasar sinuka ta duniya sau bakwai tsakanin 1990 da 1999. Duk bakwai ɗin da sanda guda ya ci su, wadda yake bugawa da ita tun yana yaro, kuɗinta fam 40. Yana da halin sayen kowace sanda a duniya, amma bai sake ta ba har ta karye a cikin kayan jirgin sama a 2003, yana dawowa daga Tailan. Na gane inda Baffa ya dosa, na kuma ga inda misalin ya tsaya. Arhar sandar ba ita ta ci masa gasa ba. Shekarun da ya yi tare da ita ne suka mayar da ita tamkar wata gaɓa ta jikinsa, kuma irin wannan sabo ba ya samuwa sai da sandar da hannu ya yarda ya zauna da ita.

Ran na takwas na ce masa ta katakon nake so. Kuɗin da ya yanka bai kai na sauran biyun ba, amma ya cinye kusan duk abin da na tara. Ya haɗa mini da jakarta, ya kuma kafa mini sharuɗɗa kamar mai aurar da 'ya. Kada in jingine ta a bango, domin nauyinta kaɗai ya isa ya lanƙwasa ta a hankali. Kada in bar ta a mota ko kusa da rufin kwano da rana. Kada samfefa ta taɓa ta. In ta yi danƙo, tsumma mai ɗan laima ya isa, a bi da busasshe nan take. Da na ba shi labarin kawu yana shafa wa tasa man shanu, ya yi dariya har da tari, ya ce wannan gatan sai sawru.

Akwai matsala guda da Baffa bai ambata ba, wataƙila domin shi a gidansa yake wasa. A rumfa, duk wanda ya ga sabuwar sanda sai ya miƙo hannu: "Hamma, ba ni in ɗan gwada." Hana aro abu ne mai nauyi a wurinmu, balle ga wanda kuka tashi tare. Ga shi kuwa akwai mai fasa ƙwallaye da iyakar ƙarfinsa, akwai mai buga gindin sanda a siminti idan ya kuskure. Da ragowar canjin da ke hannuna na sayi wata mai arha amma miƙaƙƙiya, na sa mata fata mai kyau, nake zuwa da su biyu. Wanda ya nemi aro sai in miƙa masa ita. Mutum biyu ko uku ne kawai nake bai wa ta katakon, su ma sai na ga sun goge hannu, ba kuma a bugun farko ba.